Ɗakin da Baba Ya Gina Ba Ƙusa

Wata Laraba ce da la'asar, a makon da alhazai suka fara komawa gida, shekarar da na cika sha ɗaya. Ummi ta aike ni bakin titi sayen ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis, na dawo ina tafe ina gutsurar gefen da ya ƙone, don a wurina shi ne ladan ɗan aike. Ina shan kwanar lungunmu na Hindawiyya na ga mota ta toshe hanya, irin wadda ke kwasar marasa takarda. Wannan ba baƙon abu ba ne a unguwarmu. In ta shigo, lungu kan yi tsit, masu dako da masu facin taya su ɓace kamar ba a taɓa yin su ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙofar gidanmu da na gani a wangale, ga kuma kawuna, yayan Ummi, wanda mu 'yan Jidda muke kira Khali, yana tsaye a gindin matakala da carbi a hannu. Mutanen motar ba su tambaye shi komai ba, shi ma bai buɗe baki ba. Haɓarsa kawai ya ɗaga ya nuna sama. Suka wuce ɗakunan 'yan haya ba su ko ƙwanƙwasa ba, suka haye kai tsaye. Da suka sauko da Baba, garin katako na nan a gemunsa, fensir a maƙale a kunnensa. Ya gan ni riƙe da kwanon ful, ya ce, "Rukayya, ki shigar da kayan aiki, raɓa za ta sauka." Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mini ido da ido.

Baba kafinta ne. Daga ƙasar Katsina ya zo umara yana saurayi, ya ga aikin katakon tsofaffin gidajen Balad, tsohon garin Jidda, ya kasa komawa. Ya liƙe wa wani tsohon magini yana koyon gyaran roshan, wato manyan tagogin katakon nan masu ƙananan ramuka da ke fitowa daga jikin bango, iska ta shiga amma ido bai shiga ba. Hannu ya samu, amma iƙama, takardar izinin zama, bai samu ba. Ummi kuwa haifaffiyar Jidda ce, kakanninta a ƙafa suka zo hajji suka zauna, kuma takardarta da tawa duk ta hannun Khali suke bi, don shi ya san kafili, ɗan ƙasar da ke tsaya mana, shi ke zuwa a sabunta. Gidan ma na kakanmu ne, amma tun da tsohon ya rasu Khali ya rataya makullan a aljihunsa, ba wanda ya sake tayar da zancen. Da aka haife ni wuri ya yi mana kaɗan, sai Khali ya ce wa Baba, cikin nuna karamci a gaban mutane, ga saman gida nan fili fetal, in yana da ƙarfi ya gina abin da zai iya.

Shekaru Baba ya yi yana tara katako. Duk tsohon gidan da aka sauke a Balad, sai ya roƙi ginshiƙi ko azara ya ɗauko a ka, har ya tara tsibi a ƙarƙashin tamfol, mu kuma muna kwana a rumfar buhu a gefensa. Ina da wayo aka fara aikin. Babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya a ɗakin nan. Kowane katako sai ya fere masa baki ya yi harshe, ya huda wa ɗan'uwansa rami daidai harshen, namiji da mace kamar yadda masu sana'ar ke faɗi, ya haɗa su ya buga da gudumar itace, sannan ya huda su biyun tare ya cusa ƙusar itace da ya fere da hannunsa. Allunan bango kuwa a cikin tsaga suke zamewa su zauna. Maƙwabta suka yi ta yi masa tsiya, wai ƙusa ce ta fi ƙarfin aljihunsa. Shi dai murmushi yake yi ya ce, "Iskar Jidda gishiri ce, tana cin ƙarfe. Ni kuma baƙo ne, sai dai in gina ɗakin da zai iya bina."

Don kada mahaɗan su rikice, kowane harshe da raminsa sai an yi musu shaida iri ɗaya, kuma wannan aikin ni ya bar wa. Yakan ɗora guntun ƙarfe a kan gawayi ya yi ja, ya riƙe hannuna a cikin nasa, in zana abin da na ga dama. Na zana kifi, na zana jinjirin wata, na zana sawun kaza, da wani abu da na ce raƙumi ne, Ummi ta ce ba ta taɓa ganin raƙumi mai kama da buta ba. Da aka zo tayar da ɗakin sai ya mayar da shi wasa, ni ke kiran sunaye, shi da abokansa suna ɗagawa. Kifi ke fara tsayawa a kusurwar gabas, wata ya bi shi, ƙusar saman ƙofa ce ta ƙarshe. Ya ce mini in za a kwance, daga ta ƙarshen ake farawa a yi baya baya. Na haddace wannan jerin kafin in haddace Tabbat yada.

A ɗakin nan na yi ƙuruciyar da nake iya tunawa da daɗi. Da asuba ƙamshin katakon ke tashe ni kafin kiran salla, wani ƙamshi mai ɗan yaji da yake ƙaruwa in zafi ya taso. Aikina ne sharar garin katako, da ba tattabarun Khali dawa, da ɗauko ruwa a jarka daga ƙasa in tankin ya ƙafe, da ɓare gyaɗar da Ummi ke soyawa tana ba Hajiya Ladi. Ita Hajiya Ladi wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu da ke talla a bakin masallaci, muryarta kuwa daga lungu uku ake jin ta. In na dawo daga makarantar Malama sai ƙawayena su hauro, mu baje a inuwar ɗakin muna carafke da 'ya'yan dabino, muna faɗa rabi da Hausa rabi da Larabci. Baba ya yi mana ɗan roshan a bangon da ke kallon teku. A cikinsa Ummi ke ajiye tulu ruwa ya yi sanyi, a cikinsa kuma nake zama in leƙi duk wanda ya wuce a lungu ba tare da ya gan ni ba. Mutanen ƙasa suna dahuwa a ɗakunan siminti, mu muna jan mayafi da sassafe. Tun ina yarinya na lura da yadda Khali ke tsayawa in ya hauro duba tattabarunsa, yana shafa ginshiƙin ƙofa yana cewa masha Allah, irin masha Allah ɗin da ke sa uwa ta ɓoye ɗanta.

Bayan an tafi da Baba, Khali ya fi kowa salati. Ya zauna a tabarma yana karɓar jaje, yana cewa duniya ta lalace, mutum bai san wanda zai sayar da shi ba. Na faɗa wa Ummi abin da na gani. Ta toshe mini baki da tafin hannunta, ta ce kada ta ƙara ji. Na ɗauka ba ta yarda ba ne, sai daga baya na gane ta riga ni sani. Ba a yi wata biyu ba ya kira ta ya ce bai dace mace ba miji ta zauna a saman gida ita kaɗai ba, mu sauko ɗan ɗakin ajiya na ƙarƙashin matakala. Ga shi kuma ɗansa Faisal zai yi aure, dangin amarya 'yan Makka ne, sun ce sai sun ga ɗaki. Ummi ta ce mijinta ne ya gina. Ya ce a kan rufin wa? Sannan ya tuna mata cewa iƙamarta ta kusa ƙarewa. Muka sauko da tabarmarmu da akwatin kayan aikin Baba.

Daga ƙarƙashin matakala nake jin duk abin da ake yi wa ɗakin. Na ji ranar da aka kawo mai fenti ya shafe katakon da wani kore mai ƙyalli irin na ƙofar gareji, kifina da watana duk suka nutse. Na ji ranar da aka buga ƙusoshin labule, ƙusoshin ƙarfe, kowane bugu kamar a haƙorina. Wadda ta fi ci mini rai ita ce ranar da aka sa zarto aka yanke bangon arewa don a cusa na'urar sanyaya ɗaki, a ɗakin da iska ke shiga kyauta. Na tsani Khali, kuma ba tsanar yara ba da ake mantawa in an ba su alewa. In na kai masa shayi sai na ƙara masa gishiri kaɗan, daidai yadda zai ɓata fuska ya rasa dalili. In ya ajiye takalmi a ƙofa sai na tura ɗaya cikin kwata. In na yi salla, bayan na roƙa wa Baba dawowa, sai in ɗauko Khali tun daga rawani har tafin ƙafa in miƙa wa Allah gaɓa gaɓa. Shi kuwa ko a jikinsa, har ƙiba yake yi.

Da na ga addu'ar ba ta sauri sai na koma wa akwatin Baba. Har lokacin ni ke shanya da ba tattabaru abinci, saboda haka ba mai tambayar abin da ya kai ni sama. Na ɗauki ƙaramar guduma da wani siririn ƙarfe, kullum in na hau sai in zagaya bayan ɗakin in doki ƙusar itace ɗaya ta siririn bakinta, ta zame ta fito, in toshe ramin da ƙullin jarida in shafa masa ragowar fenti. Ina tara su a gwangwanin madara. Burina ɗaya ne, ranar da Khali zai shiga da baƙinsa yana baza babbar riga, ɗakin ya rufto masa a ka. Abin haushi, ɗakin ko gezau bai yi ba. Nauyinsa ya danne mahaɗan sun kama juna, Baba ya yi aikin da ya fi ƙarfin muguntata. Ina dukan ginshiƙi da kafaɗa ina kuka, yana tsaye abinsa.

Ummi ce ta ci karo da gwangwanin tana neman allura. Ta zazzage shi a cinyarta, ta ɗauki ƙusa ɗaya ta shinshina. Na gyara tsayuwa ina jiran duka. Ta tambaye ni me nake nufi, na faɗa mata gaskiya ban rage komai ba.

"In ya faɗi, katakon ubanki ne zai karye," in ji ta. "Khalinki ƙashinsa zai warke. Wa zai sake fere mana wannan?"

Ta mayar da ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗago ta kalle ni, wani kallo da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Kin san yadda ake kwance shi duka?"

Na ce na sani.

"Halas, shi ke nan. Ki rufe bakinki har ranar ɗaurin aure."

A Makka aka ɗaura auren, ranar wata Alhamis. Tun da hantsi gidan ya kwashe, maza da mata da yara, har 'yan haya aka cika mota da su don a nuna dangi. Ummi ta ɗaure kai da ɗankwali ta ce ciwon kai ya kayar da ita, ni kuma dole in zauna jinya. Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba Hajiya Ladi ta shigo, bayanta mata ne zuga guda, masu tallan gyaɗa da masu wankau da masu tsintar gwangwani, matan da suka saba ɗaukar abin da ya fi su nauyi a ka. Kusan kowacce a cikinsu akwai wanda aka taɓa ɗauke mata, miji ko ɗa ko ƙane, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Suka tuɓe abaya suka ci ɗamara. Ummi ta kafa doka ɗaya, ko cokalin Khali kada a taɓa. Aka fito da gadon amarya da kafet da madubi da na'urar sanyin aka jera a gefe. Sannan Hajiya Ladi ta ɗora ni a kan durom, ta miƙo mini guduma ta ce, "Yalla, 'yar kafinta, daga ina?"

Daga saman ƙofa muka fara. Na doki ƙusar ƙarshe ta faɗo a tafin Ummi, muka yi baya baya kamar yadda Baba ya koya mini. Allunan rufi suka sauka, na bango suka zame daga tsagarsu, roshan ya fito ɗungurungum mata huɗu suka rungume shi kamar mai jego. Fenti ya rufe shaidun waje, amma duk mahaɗin da aka buɗe sai ga ɗan'uwan zanen a ciki, baƙi sidik kamar jiya aka ƙona shi. Ina ganin sawun kaza na fashe da kuka, Hajiya Ladi ta daka mini tsawa ta ce in bari sai mun gama in yi mai dalili. Rana ta take, gumi har cikin ido, ana zura ginshiƙai da igiya ta bayan gida, wani direban ƙaramar motar kaya da ya san Baba yana lodawa yana kaiwa unguwar Waziriyya, gidan 'yar Hajiya Ladi. Mutanen lungu suna gani. Mai shagon kusurwa ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, ya ce shi yau idonsa ke ciwo. Kafin la'asar kifi ya sauka. Ummi ta share wurin tas, aka shimfiɗa kafet daidai inda yake, aka mayar da gado a kai aka gyara zanin gado, aka jingina madubi da tanki. Ƙusoshin labulen da muka zare, ni na tara su a ɗan faranti na ajiye a tsakiyar matashin kai.

Ummi ta bi motar ƙarshe. Ni na ƙi. Na ce ko za a yanka ni sai na ga fuskarsa, Hajiya Ladi ta ce yarinyar nan ta yi aikin da ta cancanci kallo, ta ɓoye ni a saman gidanta bayan shanya. Gab da magariba 'yan ɗaurin aure suka iso da guɗa. Na ji muryar Khali a matakala yana gaba, dattawan dangin amarya na biye, yana ba su labarin ɗakin da ya sa aka gina wa ɗansa da katakon Balad. Ya fito sarari da makulli a hannu. Ga gado, ga kafet, ga madubi yana haska jan sararin sama, ga tattabara ɗaya ta sauka a kan matashi tana duba farantin ƙusa. Ya tsaya da makullin a miƙe, yana neman ƙofar da zai sa shi. Ya juya ya kalli matakala kamar wanda ya hau gidan da ba nasa ba. Wani tsoho cikin baƙin ya dubi gadon, ya dubi sama, ya ce lallai ɗakin akwai iska. Na cusa gefen zani a baki don kada a ji dariyata. Har yau ban ɗanɗani abin da ya kai wannan yammacin daɗi ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na ji tausayin kowa ba.

Mun biya kuɗin wannan dariyar. Khali bai kai ƙara ba, don shi ma ba ya son a hauro a tambaye shi izinin gini, amma ya janye hannunsa daga takardunmu. Shekaru muka yi muna raɓewa in mun ga mota, Ummi tana wankau a gidajen mutane kafin ta samu wani kafilin. Ɗakin kuwa a hankali muka tayar da shi a Waziriyya, ni ina kiran sunaye, wani tsohon abokin Baba da matan nan suna ɗagawa. Ramin da aka yanka a bangon arewa muka toshe da wani katako fari da bai dace da sauran ba. Fentin ni na kankare shi da guntun kwalba, kaɗan kaɗan, har na yi aure ban gama ba. Na ɗauki labarin duka a kaset na ba wata alhajiya ta kai wa Baba can ƙasar Katsina, inda aka mayar da shi. Da hajji ya zagayo amsa ta zo. Farkon kaset ɗin dariya ce kawai, yana yi yana tari, sai ya yi shiru har na zaci zaren ya tsinke. Sannan ya ce in riƙa shafa wa ƙofar mai, kuma kifi a gabas yake tsayawa, kada in manta. Ya yi ta neman hanyar dawowa bai samu ba. A can ya rasu.

Da aka zo rushe tsofaffin unguwanni, Hindawiyya na ciki. Na je na tsaya daga nesa na ga gidan Khali ya durƙushe cikin ƙura, siminti ba ya kwantuwa balle a ɗauka. Lokacin ya tsufa, matarsa ta rasu, Faisal na wani gari a gida mai ɗaki biyu da 'ya'ya cike. Ummi ta ce ɗan'uwanta ne, ba za ta bar shi a titi ba. Na yi faɗa har muryata ta dushe, ta bar ni na gama, sannan ta ce ai wuri ɗaya ne ya rage a gidanmu, ɗakin Baba da ke sama.

Yanzu a can yake kwance, ni ke kai masa abinci, kuma ba na sa gishirin da ya wuce ƙa'ida. Ba abin da yake gani daga shimfiɗarsa sai azarun mutumin da ya nuna da haɓa. Kwanan baya ya ɗaga yatsa ya tambaye ni wa ya zana kifin can. Na ce, "Ni ce, Khali. Baba ne ya riƙe mini hannu." Ya juya fuskarsa bango, bangon kuma na arewa ne, mai farin facin. Na ɗauki kwanona na fito.

Wani lokaci nakan bi ta inda lungunmu yake, fili ne shafe, ko inda mai tamis yake ba na iya nunawa. 'Ya'yana a ɗakunan siminti suka tashi, sanyinsu na na'ura ne, Hausa ma sai dai su ji su amsa da Larabci. In na gaji nakan hau sama in zauna a cikin roshan ɗin, in jira zafi ya taso katakon ya saki ƙamshinsa. Ɗakin ya bi mu duk inda muka je, kamar yadda aka gina shi ya yi. Mai shi kaɗai ne bai iya bi ba.